Yadda Nomau Ya Haɗa Akwatunan Marigayi

A Tungar Ɗorawa, can bakin fadama, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura shekara arba'in, ga ƙarfi kamar na mutum uku, ga ladabi, ba ya ƙarya, ba ya zagi. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ƙari ba ragi. Yana yaro uwarsa ta taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunyar miya, har yau tabon na nan a girarsa ta hagu.

Su uku ne a gidan. Da shi, da uwarsa Inna Kulu wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu, da ƙanwarta Gwaggo Asabe mai jinyarta. Inna ba ta kama sunan Nomau, don shi ne ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan". Ƙanensa Zayyanu, autan Inna, shi ke riƙe da su duka. Ya gina gidansa a bayan nasu, katanga ɗaya ce tsakani, amma kowace ƙofa da lungun da take kallo, sai ka zagaya ta bayan masallaci da wajen injin niƙa kafin ka je daga wannan zuwa waccan. Zayyanu kaɗai ya iya yi wa Nomau magana. Yakan gutsuttsura masa ita ƙanana-ƙanana, ya jira ya ga an yi ta farko kafin ya faɗi ta biyu.

Shekarar da shinkafa ta yi kyau, Zayyanu ya kafa sola a gidajen biyu. Ya sayo talabijin biyu, da akwatuna biyu irin waɗanda ke naɗe shiri su ajiye shi a cikinsu a kalla daga baya. Ya kuma sayo wata doguwar waya shuɗiya, ya ce in ya sami sarari zai haɗa akwatunan, duk abin da ya naɗa a gidansa Inna ta gani tana kwance a ɗakinta. Bai sami sararin ba. Wata Laraba ya hau babur zai kai wa surukarsa saƙo, motar itace ta haɗa da shi a kwana. Kafin la'asar an rufe shi.

Ran nan matarsa Hajaru ta zo ta durƙusa gaban gadon Inna tana kuka. Inna ta juya fuska bango, ta ce a gaban mata, "Ke kika aike shi." Hajaru ta tashi ta koma gidanta. Ta rantse ba za ta sake taka ƙofar gida ba sai ta fita takaba. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta tsallake katangar nan ba.

Wata rana, bayan sadakar arba'in, Inna ta kira Nomau. Ta tuna 'yan talabijin sun taɓa zuwa fadama sun ɗauki manoman shinkafa, har da Zayyanu a ciki. Ranar da aka nuna shirin batirin gidansu ya mutu, ba su gani ba, amma Zayyanu ya naɗa a akwatinsa. Duk duniya nan kaɗai ya rage yana motsi.

Ta ce, "Kai wannan, ina son in ga auta kafin in bi shi."

Nomau ya zagaya ya yi sallama a zauren Hajaru, ya faɗi saƙon. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, akwatin nan ba zai motsa ba. Cikinsa ƙara yake yi. Lurwanu mai gyara ya ce in aka zare shi daga wuta, mai yiwuwa ba zai sake tashi ba. In ya mutu, me ya rage mini?" Ta miƙo masa wayar hannun marigayi. "Ga lambar Lurwanu nan, na fito maka da ita. Danna koren."

Lurwanu yana can birni, ruwa ya cinye gadar da ke tsakani, ya ce ba shi da hanyar zuwa sai kaka. Amma ya ce abu ne mai sauƙi. "Ba akwai shuɗiyar waya ba? Ka haɗa su da ita, baki ɗaya a wannan, baki ɗaya a wancan."

Nomau ya ɗauko wayar. Ya ɗaure akwatin Inna da baki ɗaya, ɗauri uku irin na turken akuya, ya jefa sauran ta kan katanga. Ya zagaya ya roƙi Hajaru ta koma kicin, ya shiga ya ɗaure nata tamau. Ya dawo ya zauna gaban talabijin. Kwana uku yana zaune. Inna takan ce, "Ya zo?" Ya ce, "Yana hanya, Inna, wayar doguwa ce." A na huɗu Gwaggo Asabe ta zo shara ta ga ƙullin, ta dafe kai. "Yau na ga ta kaina. Akwatin tsinkewa zai yi ya shiga gonar mutane?"

Wata rana ya sake kiran Lurwanu. Wannan karon mai gyaran ya bi shi a hankali, har aka samu kan wayar ya shiga raminsa a bayan akwatin Inna ya yi ƙas, Hajaru ma ta soka nata da hannunta. Lurwanu ya ce, "Madalla. Yanzu ka kunna su ka bar su. Ba abin da zai wuce sai sun ga juna tukuna."

Nomau ya dubi akwatin, ya dubi bangon ɗaki, ya dubi katanga. Ta ina za su ga juna? Ya zare akwatin Inna daga wuta, ya ɗora a ka, ya kafa turmi ya haye katanga. Ya zauna ya wara ƙafa, ya ɗaga akwatin da hannu biyu yana fuskantar tagar Hajaru.

"Hajaru, ɗaga labulen tagarki, su gaisa."

Ta ɗaga. Tun hantsi yake riƙe da shi, rana na dukan ƙeyarsa. Masu wucewa suka taru a lungu suna dariya. Wani ya ce, "Nomau, sun ga juna kuwa?" Ya ce, "Wannan ya ga wancan, wancan ne ban sani ba." Wajen azahar hadari ya taso daga gabas. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akwatin, ya bar masa 'yar kafa ta gaba don kada ganin ya yanke, shi kuwa ruwa ya ƙare a gadon bayansa. Mako guda ya yi yana zazzaɓi. Yana kwance yana jin Inna daga ɗaya ɗakin tana tambayar Gwaggo, "Ya zo?" Gwaggo kuwa ta daina amsawa.

Wata rana da ya ji sauƙi ya danna koren. Lurwanu ya saurari labarin katanga, ya yi dogon tsaki. Ya ce, "Ba ganin ido nake nufi ba, bawan Allah. Kowannensu sai an ba shi suna, da sunan ne ɗayan zai kira shi. Ka ba su suna tukuna, ka kira ni."

Wannan kam Nomau ya san yadda ake yi. Ya ƙirga kwana bakwai. Ya sayo goro ƙwarya guda da abin da ya tara na sassabe, ya kama zakaran Gwaggo ya yanka tun da babu rago. Ya bi gida-gida da safe yana cewa, "Gobe akwai suna a gidanmu da gidan marigayi. Biyu ne, Hassana da Usaina."

Kafin rana ta take labari ya gama gari: ashe Zayyanu ya bar ciki, ashe Hajaru ta haifi tagwaye a ɓoye. Washegari mata suka yi ta ɗurowa gidanta, wannan da sabulu, wannan da 'yar riga, wata tsohuwa har da guɗa tun daga bakin zaure. Shekara tara Hajaru ta yi da Zayyanu, ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta tsaya tsakar gida da baƙin mayafinta ana miƙo mata kayan jarirai. Aka ce, "Ina 'yan biyun?" Nomau ya nuna akwatin da ke ƙarƙashin talabijin, ya ce, "Ga Usaina nan. Hassana na wajen Inna."

Ba wadda ta yi dariya. Suka tattara sabulansu suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Da suka watse, Hajaru ta zauna a dokin ƙofa ta kifa kai a gwiwa. Nomau bai taɓa jin kuka marar sauti irin wannan ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Ya tsaya da ƙwaryar goro a hannu.

"Hajaru, na yi ba daidai ba ne?"

"Tafi gida, Yaya."

Ya tafi. A hanya ya tsaya bayan injin niƙa, inda ƙara ba za ta bari a ji shi ba, ya ce, "Zayyanu, ba wanda ke gutsuttsura mini magana yanzu."

Wata rana Inna ta daina karɓar tuwo, sai kunu cokali uku. Gwaggo ta ce wa Nomau ya rabu da zancen akwati ya bar tsohuwa ta huta. Amma da ya shiga gaishe ta, Inna ta laluba ta kamo bakin rigarsa da hannunta mai lafiya. Ba ta ce "ya zo" ba. Riƙewa kawai ta yi. Ya fita ya danna koren.

Lurwanu ya sa aka ba Hajaru waya ta kan katanga, ya yi mata bayani, ta daddanna abin da za ta danna a nata. Ya sa Gwaggo, mai ɗan karatun yaƙi da jahilci, ta karanto masa abin da ya fito a talabijin ɗin Inna harafi-harafi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, sun ga juna. Saura abu ɗaya. Akwatin Inna ya cika, babu wurin da shirin zai sauka. A share abin da ke cikinsa, gobe da safe in nuna muku yadda za a turo." Gwaggo ta miƙa wa Nomau waya ta tafi ɗora kunu, ta ce masa, "Ka ji dai, sharewa za a yi. Ka jira ni."

Ya jira ta. Da ta daɗe, ya ga ai shara ba aikin da zai bar wa tsohuwa ba ne. Ya ɗauko wuƙar yankan kubewa ya kwance murfin akwatin. Lallai kuwa Lurwanu ya yi gaskiya, ciki cike yake: ga ƙura, ga yanar gizo, ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe manne a kan wani koren faranti. Ya sa tsintsiya ya share ƙurar. Ƙulle-ƙullen suka ƙi fita, ya bi su da bakin wuƙa yana ɓamɓarewa ɗaya-ɗaya, ya tara su a murfin kwano. Ya goge da jiƙaƙƙen tsumma har farantin na ƙyalli. Ya mayar da murfi, ya kunna. Akwatin ya yi ɗan tari, wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya fito ta gefensa, jar fitilarsa ta mutu.

Gwaggo ta shigo da kwanon kunu. Ta dubi murfin kwanon da ƙulle-ƙullen, ta dubi Nomau. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ajiye kunun ta yi, ta ce a hankali, "Shi ke nan. Ka kashe shi."

Inna ta ce daga gado, "Wa aka kashe?"

Gwaggo ta ɗauki kunun ta nufi bakin gadon.

Wata rana, kwana biyu bayan haka, Nomau ya fita bayan gida ya kira Lurwanu. Ya faɗa masa duk abin da ya yi, bai ɓoye ko ƙulle ɗaya ba. Da ya gama, Lurwanu ya ce:

"Malam Nomau, don Allah ka daina kirana. Akwati ɗaya ya rage, shi kuma ba ya motsi. Tsohuwa ba ta motsi. Ni ba ni da dabara. Wannan abu ba zai yiwu ba sai in a gida ɗaya suke." Ya kashe waya.

Nomau ya tsaya da wayar a kunne. Sai in a gida ɗaya suke. Ya juya maganar, ya sake juyawa. Bai ga wani lungu a cikinta da zai ɓace ba. Ya je rumbu ya ɗauko digar Zayyanu.

Katangar ta ƙasa ce, damina ta jiƙa ta. Sara na farko ya shige har ƙota. Gwaggo ta fito da gudu tana salati, ta kama hannunsa, ya ɗauke ta cak ya ajiye gefe kamar tulu, ya ce, "Yi haƙuri, Gwaggo." Ya ci gaba. Kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta kan darni, wani ya ce a kira maza Nomau ya haukace. Kafin mazan su zo, katangar ta yi wani irin ƙugi ta zube, ta danne randar Gwaggo da turmi da rabin akurkin kaji. Da ƙura ta lafa, sai ga tsakar gidan Hajaru, ga igiyar shanyarta, ga ita kanta tsaye da muciya a hannu. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar ɗakinta zuwa ƙofar ɗakin Inna.

"Yaya, me ka yi?"

"Lurwanu ya ce sai a gida ɗaya."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya. "Asabe, mene ne ya faɗi? Kai wannan, auta ne ya zo?"

Hajaru ta ji. Rabonta da muryar nan tun ranar rasuwa, kuma ba haka ta bar ta ba. Ta matso har bakin ɓaraguzan ta tsaya, ta ce, "Na rantse ba zan taka ƙofar gida ba."

Nomau ya dubi gibin sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan ba ƙofa ba ce. Ba ta da ƙyaure."

Hajaru ta ajiye muciya. Ta tattare zanenta ta tsallako.

Ta shiga ɗakin Inna, ba ta gaishe ta ba. Ta dai ce wa Nomau, "Kama ta kai, Yaya, mu kama ta ƙafa. A hankali." Suka ɗauko gadon da tsohuwar a kai, suka bi ta kan ɓaraguzai, suka ajiye shi a ɗakin Zayyanu gaban talabijin. Hajaru ta danna. Fadama ta fito kore shar, ga manoma, ga injin ban ruwa, ga Zayyanu ya duƙa yana gyara bakin tiyo. Nomau ya ce da ƙarfi, "Ga shi nan! Inna, ya zo!" Ya yi wa ƙanensa sallama, ya jira amsa.

Inna ta ƙura ido. Amma ba talabijin take kallo ba, gefensa take kallo, wajen da kalanda ke rataye.

"Ina yake? Ban ji muryarsa ba."

Babu muryarsa a shirin. Mai gabatarwa ne ke ta bayanin taki da iri, Zayyanu aiki kawai yake yi a bayansa, minti ɗaya da rabi. Gwaggo ta wuce da hannu a gaban fuskar yayarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Yaya Kulu, tun yaushe?"

"Tun bayan bakwai ɗinsa. Haske kawai nake gani." Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. "Na zaci in shi ne, zan gani."

Akwatin na ta ƙararsa. Nomau ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Da wayar ta yi aiki, da akwatin bai ƙone ba, abin da zai isa ɗakin Inna ke nan: haske, da wani baƙo yana zancen taki.

Sai Hajaru ta mayar da shirin farko. Ta durƙusa a bakin gado, daidai kunnen tsohuwar.

"Inna, ga shi ya duƙa. Rigar nan ce ruwan toka, wadda aljihunta ya yage kika ɗinke masa da baƙin zare."

"Bai yar da ita ba?"

"Bai yar ba. Ya naɗe wando har gwiwa, taɓo ya kai masa ƙauri. Yanzu ya miƙe. Ya goge goshi da bayan hannu, ya shafa wa kansa taɓo bai sani ba. Wani ya yi masa magana daga gefe. Zai yi dariya, Inna, ga ta nan, ga wushiryar. Ya rufe baki da hannu, ya tuna ana ɗauka."

Inna ta yi wani sauti tsakanin dariya da shessheƙa. Hannunta mai lafiya ya yi ta lalube a kan shimfiɗa har ya sami wuyan hannun Hajaru.

"Sake mayarwa, 'yata."

Ta mayar. Sau goma sha ɗaya ta mayar ran nan, kowane karo da abin da take ƙarawa, don ta kalle shi fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Ba a mayar da gadon ba. A ɗakin Inna ta yi kwana tara, Hajaru na ba ta kunu tana ba ta labarin minti ɗaya da rabi. A na goma, da hantsi, ta cika.

Bayan an share makoki, Nomau ya zo ya tsaya a bakin gibin. Ya rame, rigarsa na reto a jikinsa. Ya ce, "Hajaru, ni na rushe. In kwaɓa ƙasa in mayar?"

Ta ce, "Bar shi yadda yake, Yaya."

Ya bar shi yadda yake. Digar na nan kwance inda ya yar da ita, fasasshiyar randar na nan ƙarƙashin ƙasa, ciyawa ta fito a kan ɓaraguzan. In kaza ta tone wani ɗan hogen ƙasa ta gangaro da shi, Nomau yakan tashi daga inda yake zaune, ya ɗauka, ya mayar da shi daidai wurinsa.